Littafin ɗan siyasa da mutum-mutumin dandali: wa ke magana, wa ke hanawa?

Malam, ka haɗa mini tambayoyi uku a cikin ɗaya. Ka ce idan har da gaske ake yi game da 'yancin faɗin albarkacin baki, yaya aka yi kamfanin ɗab'i ya fasa buga littafin wani sanatan Amurka saboda matsayinsa na siyasa, kuma yaya aka yi birane suke tumɓuke mutum-mutuman waɗanda suka yi suna a tarihi, sannan ka tambaya ko wannan duka ba toshe baki ba ne da shafe tarihi. Abin da shekarun da na yi ina koyar da dokar tsarin mulki suka nuna mini shi ne, yawancin rikicin da ake yi a kan wannan batu yana tasowa ne daga cuɗa abubuwa uku da ba su da uwa ɗaya. Kafin a ce an tauye 'yancin wani, sai an fara tantance wanda yake magana da wanda yake hana shi. A na farko hukuma ce take hukunta ɗan ƙasa, a na biyu ɗan kasuwa ne yake zaɓar abin da zai sa wa sunansa, a na uku kuwa hukumar ce da kanta take magana da bakin tagulla.

Mu fara da hukuma, domin can ne asalin haƙƙin yake. Gyaran farko na kundin tsarin mulkin Amurka, wanda ya fara aiki a 1791, majalisa ya ɗaure wa hannu, ya hana ta yin dokar da za ta rage 'yancin magana ko na 'yan jarida, kuma daga baya kotuna suka faɗaɗa hanin ya shafi jihohi. Ma'aunin da ake aiki da shi a yau ya fito ne daga shari'ar Brandenburg ta 1969. Brandenburg jagora ne a ƙungiyar wariyar launin fata ta Ku Klux Klan a jihar Ohio, an ɗauki hotonsa yana zagin baƙaƙen fata da Yahudawa yana barazanar ɗaukar fansa, jihar ta yanke masa ɗauri, amma Kotun Ƙoli ta soke hukuncin. Ta ce ba a hukunta magana sai in an yi ta ne da nufin tunzura mutane su karya doka nan take, kuma akwai alamar cewa tunzurawar za ta yi aiki. Wannan tunani ya girmi shari'ar da fiye da ƙarni guda, domin tun a 1859 John Stuart Mill ya kawo misalin da har yau ban ga wanda ya fi shi ba: wanda ya rubuta a jarida cewa 'yan kasuwar hatsi ne suke kashe talakawa da yunwa, a ƙyale shi, amma wanda ya faɗi wannan maganar ga fusataccen taro da ya yi dafifi a ƙofar gidan ɗan kasuwar hatsin, ya cancanci hukunci. Kalmomin ba su canza ba, wuri da lokaci da masu sauraro ne suka canza.

Turai ba ta bi Amurka har can ba, kuma tana da dalilinta. Kotun Turai ta kare haƙƙin ɗan Adam ta faɗa a shari'ar Handyside ta 1976 cewa kariyar ta haɗa da maganar da take ɓata rai, take girgiza mutane, take tayar da hankali, ko da yake mutane kan manta cewa mai buga littafin da ya kai ƙarar shi ne ya faɗi a shari'ar. Jamus tana hukunta musanta kisan ƙare-dangin da aka yi wa Yahudawa, Faransa ta yi irin wannan doka a 1990, kuma a 2006 Ostiriya ta yanke wa marubuci ɗan Birtaniya David Irving ɗaurin shekara uku a kan wannan laifi. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 a kan haƙƙoƙin farar hula da na siyasa ta tsaya a tsakani: sashe na 19 ya ba da 'yancin, sashe na 20 kuma ya wajabta wa ƙasashe su haramta kiran ƙiyayya na ƙabila ko addini da ya kai ga tunzurawa. Masu wannan ra'ayi suna nuna Julius Streicher, mai jaridar ƙin Yahudawa a Jamus ta zamanin Hitler, wanda kotun Nuremberg ta yanke wa hukuncin rataya a 1946 a kan abin da jaridarsa ta shafe shekaru tana shukawa, da kuma gidan rediyon RTLM na Ruwanda, wanda kotun duniya ta samu jagororinsa da laifi a 2003 saboda rawar da ya taka a kisan 1994. Magana zarar bunu ce, kuma waɗannan ƙasashe sun ga gobarar da idonsu.

Duk da haka, labarin Irving yana koya mini wani abu dabam. Abin da ya karya shi a idon duniya ya faru ne shekara shida kafin ɗaurin, lokacin da ya faɗi a ƙarar da ya kai masaniyar tarihi Deborah Lipstadt da kamfanin Penguin a Landan bisa zargin ɓata suna. Masanin tarihi Richard Evans da mataimakansa suka bi madogaran littattafansa ɗaya bayan ɗaya, suka nuna inda ya murɗe fassara da inda ya ɓoye takarda, kuma a 2000 alƙali ya yanke cewa da gangan ya gurɓata tarihi. Ɗaurin Ostiriya kuwa ya ba shi damar shiga rigar wanda aka zalunta, har Lipstadt da kanta ta ce ba ta murna da shi. Saboda haka ni na fi karkata ga iyaka mai tsauri wadda ba ta ba hukuma fili da yawa, domin dokar da aka yi don kama maƙaryaci a yau, ita za a ɗauko gobe a kama ɗan adawa. Tsarin Rabat na 2012, wanda ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya jagoranta, ya ba da ma'auni shida da za a duba kafin a kira magana laifi, wato yanayin da aka yi ta, matsayin mai maganar, niyyarsa, abin da ya faɗa da yadda ya faɗa, iyakar inda ta kai, da yiwuwar ta haifar da ɓarna. Ka lura da na biyun, domin yana nufin maganar ɗan siyasa mai mabiya ta fi ta mutum gama-gari nauyi, ba sauƙi ba.

Yanzu sai littafin. Sanatan da kake nufi shi ne Josh Hawley na jihar Missouri, wanda shi ne sanata na farko da ya bayyana cewa zai ƙalubalanci tabbatar da sakamakon zaɓen 2020, aka kuma ɗauki hotonsa ya ɗaga dunƙulallen hannu ga masu zanga-zanga a ranar 6 ga Janairun 2021, kafin su kutsa ginin majalisa. Washegari kamfanin Simon & Schuster ya soke yarjejeniyar littafinsa. Hawley ya ce wannan hari ne kai tsaye a kan gyaran farko, kuma na tabbata a matsayinsa na lauya wanda ya taɓa riƙe muƙamin antoni janar na jiharsa ya san ba haka ba ne. Gyaran farko yana kare kamfanin ne a nan. A shari'ar Tornillo ta 1974 jihar Florida tana da dokar da ta tilasta wa jarida ta buga martanin ɗan takarar da ta soka, sai Kotun Ƙoli ta rushe dokar baki ɗaya, ta ce zaɓar abin da za a buga da abin da za a bari wani ɓangare ne na 'yancin kansa. Wanda yake da ikon yin magana yana da ikon ƙin ɗaukar maganar wani a kansa. Abin da Hawley zai iya nema a kotu shi ne haƙƙinsa a ƙarƙashin yarjejeniya, kuma yawancin manyan kamfanonin ɗab'i suna sa sharaɗin da ya ba su damar janyewa idan halayyar marubuci ta jawo abin da zai lalata kasuwar littafin. Cikin 'yan kwanaki kamfanin Regnery ya karɓi littafin, ya fito a watan Mayu, ya shiga jerin waɗanda suka fi kasuwa.

In kana son ka ga ainihin yunƙurin toshe baki, duba abin da ya faru da John Bolton a 2020, inda gwamnati ce da kanta ta je kotu tana neman a dakatar da littafin tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Alƙali Royce Lamberth ya caccaki Bolton saboda bai jira an kammala tantance bayanan sirri ba, amma ya ƙi hana fitowar littafin. Haka gwamnatin Birtaniya ta Thatcher ta yi ta fama a shekarun 1980 don hana littafin tsohon jami'in leƙen asiri Peter Wright, ta faɗi a kotun Ostiraliya, ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya, littafin ya sayu fiye da yadda zai sayu da an yi shiru.

Sai dai cewa kamfani yana da iko bai amsa ko ya yi daidai ba, kuma a nan ne nake rabuwa da waɗanda suke ganin magana ta ƙare da zarar an ce kamfani mai zaman kansa ne. Bayan wata uku da soke littafin Hawley, wannan kamfanin ya ƙulla yarjejeniyar littafi biyu da tsohon mataimakin shugaban ƙasa Mike Pence, ma'aikatansa fiye da 200 suka sa hannu a takardar neman a soke, shugaban kamfanin Jonathan Karp ya ƙi, littafin farko ya fito a Nuwamban 2022. Ina ganin Karp ya yi daidai. Mutumin da ya zauna a kujera ta biyu a ƙasa na shekara huɗu shaida ne a kan abin da ya faru, ko da shaidarsa cike take da wanke kai, kuma masu tarihi suna buƙatar ta don su gwada ta da ta sauran. Littafi ba ya bin kowa gida. Sai ka sa kuɗinka ka saya, ka buɗe, ka karanta, kuma kana iya ajiye shi a shafi na goma ko ka rubuta masa raddi. Akwai kuma batun cewa manyan kamfanoni biyar ne kawai suke riƙe da mafi yawan kasuwar littattafai a Amurka, har a 2022 alƙaliya Florence Pan ta hana Penguin Random House sayen Simon & Schuster don kada su koma huɗu. Sanata mai miliyoyin mabiya zai samu wata ƙofa cikin mako guda, amma idan al'adar soke littafi saboda matsin lamba ta kafu, wanda zai ji jiki shi ne ƙaramin marubuci da ba shi da wanda zai tsaya masa, kuma edita zai fara guje wa duk abin da ke da ƙura tun kafin a kawo masa.

Laifin da nake ganin kamfanonin ɗab'i suna yi a zahiri wani ne dabam, kuma ba a cika maganarsa ba. Yawancinsu ba sa bin diddigin gaskiyar abin da ke cikin littafin da ba ƙage ba. Yarjejeniya tana ɗora wa marubuci wannan nauyi, lauyan kamfani kuma yana duba abin da zai iya jawo ƙarar ɓata suna ne kawai. Ɗan siyasa yana iya karɓar kafin alƙalami na miliyoyin daloli, wani ya rubuta masa, ya saka alƙaluman da ba su da tushe, littafin ya fito da tambarin gida mai mutunci wanda zai sa mai karatu ya ɗauka an tace. A nan ne ya kamata ma'aikata su tayar da jijiyar wuya. Ra'ayinsa nasa ne, a buga masa shi komai ɗacinsa, amma idan ya ce an yi maguɗin da kotuna suka bincika ba su samu ba, edita yana da haƙƙin ya ce kawo hujja ko a cire. Jamus ta nuna iyakar inda wannan hanya za ta iya kaiwa. Jihar Bavaria ta riƙe haƙƙin mallakar littafin Hitler ta hana sake buga shi har wa'adin ya ƙare a ƙarshen 2015, sai cibiyar nazarin tarihin zamani ta Munich ta fitar da shi a Janairun 2016 cikin mujalladi biyu, shafi kusan 2,000, da ta'aliƙi kimanin 3,500 da suka kewaye matanin suna warware ƙaryarsa wuri bayan wuri. Sun gane cewa littafin yana yawo a intanet ko an so ko an ƙi, abin da ya rage a zaɓa shi ne ko ya yi yawo shi kaɗai ko da hashiya.

Mutum-mutumi kuwa ba shi da hashiya, kuma ba wanda yake zaɓar ya buɗe shi. Yana tsaye a kan dakali a fili na jama'a, ana kula da shi da kuɗin haraji, kowa ya bi ta wurin sai ya ɗaga kai ya dube shi. A 2009, a shari'ar Summum, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke baki ɗaya cewa abin tunawa na dindindin a lambun gwamnati maganar gwamnati ce, don haka birni yana da ikon zaɓar wanda zai karɓa da wanda zai ƙi. Ke nan idan majalisar birni ta kaɗa ƙuri'a ta sauke mutum-mutumi, ba ta toshe bakin kowa ba, ta canza abin da take faɗa ne, kuma tilasta mata ta ci gaba da faɗin abin da ta daina yarda da shi shi ne ya fi kusa da tauye 'yanci. Jihar Alabama ta yi haka a 2017 da dokar da ta hana taɓa abin tunawa da ya kai shekara 40, da tarar dala 25,000, kuma a 2020 birnin Birmingham, wanda yawancin mazaunansa baƙaƙen fata ne, ya zaɓi ya sauke nasa ya biya tarar.

Game da shafe tarihi, abin da za ka fara tambaya shi ne shekarar da aka kafa mutum-mutumin, domin tarihin da yake ɗauke da shi na masu kafa shi ne. Edward Colston, ɗan kasuwar Ingila, ya mutu a 1721, amma sai a 1895 aka kafa masa mutum-mutumi a Bristol, da allon da ya kira shi ɗaya daga cikin 'ya'yan birnin mafiya nagarta da hikima, ba tare da kalma ɗaya a kan kamfanin fataucin bayi da ya kai matsayin mataimakin gwamnansa ba, wanda aka ƙiyasta ya kwashi 'yan Afirka kimanin 84,000 a zamaninsa, wajen 19,000 suka mutu a hanya. Yawancin mutum-mutuman janar-janar na jihohin kudancin ƙasar Amurka ma ba a kafa su da ƙarewar yaƙin basasa a 1865 ba, an kafa su ne daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa shekarun 1920, daidai lokacin da jihohin suke kafa dokokin wariya suna ƙwace wa baƙaƙen fata ƙuri'a. Na Robert E. Lee, babban janar ɗinsu, a Richmond na 1890 ne, na Charlottesville na 1924. Shi kansa Lee ya ƙi halartar wani taron tunawa da yaƙin Gettysburg a 1869, yana mai ganin gara kada a bar raunukan yaƙi a buɗe. Sauke irin waɗannan gumaka kuma tsohuwar al'ada ce: mutanen New York sun kayar da na Sarki George na Uku a 1776 suka narkar da shi suka yi harsashi, mutanen Mosko sun sauke na Dzerzhinsky, wanda ya kafa 'yan sandan ciki na Tarayyar Soviet, a 1991, Yukren ta kawar da na Lenin fiye da 1,000 bayan dokokin 2015, kuma ban ji waɗanda suke kukan shafe tarihi a yau sun yi kuka a lokacin ba. Jamus ba ta da mutum-mutumin Hitler ko ɗaya, amma tana da dubban ƙananan allunan tagulla da aka dasa a bakin titi a ƙofar gidajen waɗanda aka kwashe, kowanne da suna da shekara.

Akwai hujja mai nauyi a ɗaya ɓangaren, kuma ba zan raina ta ba. In aka ce duk mai tabo zai sauka, ba wanda zai rage a tsaye. An rufe na Churchill da katako a Landan a Yunin 2020 don kare shi, Jami'ar Gana ta cire na Gandhi a 2018 saboda abin da ya rubuta a kan baƙaƙen fata a zamansa na Afirka ta Kudu, kuma a Yunin 2020 ɗin fusatattu suka kayar da na Ulysses Grant a San Francisco, mutumin da ya jagoranci rundunar da ta karya masu riƙon bayi, da na Hans Christian Heg a Wisconsin, wanda ya mutu yana yaƙi da bauta. Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne a tambayi don me ake girmama mutumin. Ana girmama Churchill don tsayuwarsa a gaban Hitler a 1940, laifuffukansa suna gefe, ana iya rubuta su a allo. Lee kuwa yana kan doki cikin kakin rundunar da ta yi tawaye don ta riƙe bayi, abin da ake girmamawar shi ne laifin. Cecil Rhodes, ɗan mulkin mallakar Birtaniya a kudancin Afirka, ya fi wahalar yankewa, domin dukiyar da ya bar wa makarantun da suka girmama shi da ita aka ƙwace ƙasar mutane, shi ya sa Jami'ar Cape Town ta sauke nasa a Afrilun 2015, kwalejin Oriel ta Oxford kuma ta bar nata a 2021 bisa dalilin kuɗi da dokokin gine-gine, ta maƙala allon bayani.

Hanyar saukewa ita ma tana da nauyi. Na fi son ƙuri'ar majalisa da sauraron jama'a a kan igiya da dare, amma masu cewa a bi ƙa'ida suna da nauyin su bar ƙa'idar ta yi aiki. A Bristol an shafe shekaru ana ja-in-ja a kan ƙara allo na biyu kawai da zai ambaci bauta, aka yi ta tausasa kalmomin har maganar ta mutu, sannan a ranar 7 ga Yunin 2020 taro ya ja mutum-mutumin ƙasa ya jefa shi a tashar jiragen ruwa. Masu taya alƙali yanke hukunci sun wanke mutum huɗu da aka gurfanar a Janairun 2022, daga baya a shekarar Kotun Ɗaukaka Ƙara ta fayyace cewa 'yancin zanga-zanga ba ya zama kariya ga babbar ɓarnar dukiya. Haka kuma sauke abu daga dakali dabam ne da hallaka shi. Abin da Taliban ta yi wa gumakan Bamiyan a 2001, da rushe hubbaren Timbuktu a 2012 wanda ya kai Ahmad al-Mahdi ga ɗaurin shekara tara a kotun duniya, hallaka shaida ne wanda ba a iya gyarawa. Hangari ta tattara gumakan zamanin kwaminisanci ta ajiye su a wani fili a gefen Budapest tun 1993, inda ɗalibai suke zuwa su gani. Charlottesville ta bari an narkar da na Lee a 2023 don a ƙera wani abu sabo, kuma ko da yake na fahimci dalilin bayan kisan Heather Heyer a 2017 a birnin, yayin da take zanga-zangar adawa da masu wariyar da suka taru don kare mutum-mutumin, da ni aka tambaya da na ce a ajiye shi. Bristol ta tsamo na Colston daga ruwa bayan kwana huɗu, ta kai shi gidan tarihi na M Shed, inda aka kwantar da shi da fentin da masu zanga-zanga suka watsa masa, da bayanin kamfanin da ya yi wa aiki, da na waɗanda suka kafa shi a 1895, da na waɗanda suka kayar da shi.